Ta Ƙarshe a Layi

A shekarar 1991, Jay Feinberg saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mutumin jihar New Jersey a Amurka. Ya gama jami'a, ya kama aiki a reshen babban bankin ƙasar da ke New York, yana shirin karatun lauya. Ana cikin haka likitoci suka duba jininsa, suka ce sankarar jini ce, kuma ba abin da zai raba shi da ita sai dashen ɓargo.

Ɓargon nan da muke zuƙa a ƙashin miya, irinsa ne ke ƙera jini a jikin ɗan Adam. Idan ya kamu da cuta, likitoci kan kashe shi da magani mai ƙarfi, su ɗura wa majinyaci na mai lafiya ta jijiya, tamkar ƙarin jini. Sai dai jiki ba ya karɓar na kowa. Akwai wasu alamomi a ƙwayoyin jiki da ake kira HLA, waɗanda mutum ke gada rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma dole na mai bayarwa su dace da na mai karɓa. Ko a tsakanin 'yan ciki ɗaya, damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Aka gwada 'yan gidan su Jay kaf, ba a dace ba.

Abin da ya rage shi ne a nemo bare, kuma baren da zai dace yawanci wanda aka haɗa asali da shi ne, ko da nesa. A nan gizo ke saƙar. Jay Bayahude ne, kakanninsa daga gabashin Turai suka fito, inda gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa kusan miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Zuri'o'i da dama sun shafe baki ɗaya. Mutanen da jikokinsu za su iya ceto shi an kashe su tun kafin a haife shi, kuma waɗanda suka rage kaɗan ne daga cikinsu ke cikin rajistar masu ba da ɓargo. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, likita ya ce masa ya koma gida ya yi abin da ransa ke so da sauran kwanakinsa.

Iyayensa ba su naɗe hannu ba. Suka tara dangi da abokai, suka kafa wata tafiya mai suna Friends of Jay, wato abokan Jay, suka nufi inda jama'arsu ke taruwa: wuraren ibada da makarantu da zaurukan al'umma. A koyarwar addinin Yahudanci, ceton rai yana gaba da kusan kowace doka, har ranar Asabar da suke tsarkakewa an yarda a karya hutunta domin mai rai ya tsira. Da wannan koyarwa aka buɗe musu ƙofofi. Mutum ya fito daga addu'a sai ya tarar da tebur da takardar cikewa da ma'aikaciyar jinya riƙe da allura, ya naɗe hannun riga a ɗebi jininsa saboda wani saurayi da bai taɓa gani ba.

Haka aka shafe shekara huɗu, daga Amurka zuwa Kanada zuwa Isra'ila. An yi taron gwaji sama da 200, an ɗebi jinin mutane kusan 60,000. Abin mamaki, cikin wannan tarin aka riƙa samun waɗanda suka dace da wasu majinyatan dabam, aka yi musu dashe suka miƙe. Shi kuwa wanda ake yin hidimar domin sa, shiru. Ko wace irin zuciya ce ke jure ganin guzurinta yana ciyar da kowa ban da ita, ta kuma ce a ci gaba?

Zuwa 1995 jikin Jay ya fara gazawa, har ana shirin yi masa dashe da ɓargon da bai gama dacewa ba, duk da hatsarin da ke ciki. Sai ga wani matashi, wanda abokinsa ya samu mai ba shi ɓargo ta dalilin tarukan Jay, ya dage sai ya rama alheri da taro ɗaya na ƙarshe. Aka yi shi a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a watan Mayu. Cikin masu hidimar taron akwai wata budurwa da ta zo taya aiki kawai, domin tsoron allura take yi. Ana dab da naɗe tabarma ta daure ta miƙa hannu. Ita ce ta ƙarshe da aka gwada a taron ƙarshe, kuma ita ce ta dace. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

A watan Yulin 1995 aka yi dashen a cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle, inda Dakta E. Donnall Thomas ya yi aikin dashen ɓargon da ya ba shi kyautar Nobel a 1990. Jay ya warke. Maimakon ya koma karatun lauya, sai ya ba da rayuwarsa ga wannan hidima. Tafiyar abokan nan ita ce ta zama Gift of Life Marrow Registry, mai hedikwata a jihar Florida, wadda ta haɗa dubban majinyata na kowane jinsi da addini da masu ba su ɓargo. Yanzu ma ba a bukatar allurar da ta tsorata budurwar nan kafin a shiga rajista, 'yar auduga ake gogawa a cikin kumatu. Mai bayarwa kuwa ba ya rasa komai, domin ɓargonsa kan mayar da kansa cikin 'yan makonni.

Labarin nan ya taɓa ni ne saboda ciwon ba na nesa ba ne. Dashen ɓargo yana warkar da sikila, kuma tun 2011 aka fara yin sa a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Amma baƙar fata na cikin waɗanda suka fi shan wuya wajen samun wanda ya dace da su, saboda ƙarancinmu a rajistocin duniya. Yaron da ke murƙususu da ciwon ƙashi a Kano ko Maraɗi, in har akwai baren da ɓargonsa zai dace da nasa, ya fi yiwuwa a cikinmu yake, wataƙila sahu ɗaya yake tsayawa da uban yaron ranar Juma'a, ko kujera ɗaya suke zama ranar Lahadi.

Mutanen Jay sun yi addu'a shekara huɗu, kuma ko rana ɗaya addu'ar ba ta hana su ɗaukar tebur da allura ba. Allah ya ce tashi in taimake ka. Da sun gaji a taron da ya gabaci na ƙarshe, da budurwar nan ta gama rayuwarta ba ta san ran wani na cikin ƙashinta ba.