Magungunan Barci da Kwantar da Hankali: Yadda Suke Aiki da Inda Haɗarinsu Yake

A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yake ba wa manomi damar tashi daga shinkafa ya shiga alkama da tumatir ba tare da hutun kaka ba, gajiya da rashin barci suna cikin koke-koken da masu kemis sukan saurara. Amsar da mai koken yakan samu sau da yawa ita ce 'yar ƙwaya ƙarama mai araha, wadda matasa suke kira D5 saboda nauyinta miligiram 5 ne, wato dayazefam, ko kuma Lexotan, ko Rohypnol da aka fi sani da roci. Waɗannan duka 'yan gida ɗaya ne da masana suke kira benzodayazefin, kuma doka ba ta yarda a sayar da ko ɗaya daga cikinsu ba sai da takardar likita. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, daga cikinsu kimanin 481,000 magungunan kwantar da hankali suka sha ba bisa umarnin likita ba.

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙwayoyin jijiya masu aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai, wasu sinadaran suna zuga jijiya ta motsa, wasu kuma suna tausar ta ta lafa. Babba a cikin masu tausar shi ne sinadarin da ake taƙaita sunansa da GABA. A jikin kowace ƙwayar jijiya akwai 'yan ƙofofi waɗanda GABA yake buɗewa, sai wani ɓangare na gishirin jiki mai suna kuloraid ya kwarara ciki, jijiyar ta yi sanyi ta rage aika saƙo. Lamarin ya yi kama da ƙofar magudanar ruwa a filin noman rani, wadda mai kula da ita yake ɗagawa gwargwadon buƙatar gona: benzodayazefin ba ya ɗaga ƙofar da kansa, sai dai ya sa mai kula da ita ya riƙa ɗagawa a kai a kai, alhali tsofaffin magungunan da ake kira babiturat suna sa ƙofar ta daɗe a buɗe, idan kuma aka sha su da yawa sukan ture mai kulawar su ɓalle ta da kansu. Wannan bambanci ne ya sa babiturat, irin su finobabiton da kamfanin Bayer na Jamus ya fitar a 1912, suka riƙa kashe mutane cikin sauƙi ta hanyar tsayar da numfashi, kuma shi ne ya sa likitoci suka yi maraba da magungunan da Leo Sternbach ya haɗa a kamfanin Hoffmann-La Roche, wato Librium da ya shiga kasuwa a 1960 da Valium, wanda shi ne dayazefam, a 1963.

Da yake ƙofofin nan suna warwatse a sassan ƙwaƙwalwa daban-daban, magani ɗaya yakan yi ayyuka da yawa a lokaci guda: ya rage fargaba, ya kawo barci, ya saki naman jiki, ya tsayar da jijjiga, ya kuma hana ƙwaƙwalwa adana abin da ya faru bayan an sha shi. A hannun ma'aikacin lafiya wannan alheri ne babba, domin da dayazefam ake tsayar da jijjigar da ta ƙi tsayawa ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, da shi ake sassauta ƙagewar jikin mai cutar sarƙewar haƙora, kuma ana haɗa shi da atirofin wajen ceto wanda gubar maganin feshi ta kama har ya fara jijjiga, abin da ba baƙo ba ne a wuraren da ake feshin kayan lambu ba da kariya ba. Finobabiton ma har yau yana cikin magungunan farfaɗiya mafi araha. Amma mantuwar da benzodayazefin yake sawa ita ce ta ɓata wa Rohypnol suna a duniya, domin miyagu sukan zuba shi a abin sha su cuci mutum ya farka bai san abin da ya same shi ba.

Barcin da waɗannan ƙwayoyi suke kawowa bai kai barcin asali ba, domin suna rage zurfafan matakan barci waɗanda jiki yake wartsakewa a cikinsu. Sannan dayazefam yana da doguwar jela. Masana suna auna daɗewar magani da lokacin da jiki yake ɗauka kafin ya kawar da rabinsa daga jini, kuma na dayazefam yakan kai sa'o'i 20 zuwa 50, bayan haka hanta tana juya shi zuwa wani sinadari mai irin aikinsa wanda yakan kai sa'o'i 100 ko fiye kafin rabinsa ya fita. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar da aka sha daren Litinin tana nan a jiki ranar Laraba, wanda kuma yake sha kullum yana tara sabuwa a kan tsohuwa ne, ko da kuwa yana jin idonsa biyu. Direban da ya ɗauko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan da asuba, da mai babur a titin Zariya, da mai tura shinkafa cikin injin casa a Kura, dukkansu aikinsu yana buƙatar saurin ido da hannu, wanda shi ne abu na farko da maganin yake ragewa. Ga tsofaffi abin ya fi muni, domin hantarsu ta rage sauri, sai ruɗewa da faɗuwa da karayar ƙugu su biyo baya, iyali kuma su ɗora wa tsufa laifin.

Shi kaɗai, benzodayazefin ba kasafai yake kisa ba, amma idan ya haɗu da wani abu mai danne numfashi, kamar kodin ko tiramadol ko barasa, lissafin yakan sauya gaba ɗaya, domin kowannensu yana danne cibiyar numfashi ta tasa hanyar, mutum ya kwanta yana minshari mai nauyi, na kusa da shi su ɗauka barci ne, numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 bayan rahoton binciken BBC, a farkon 2024 kuma hukumomi suka rufe shagunan dillalan magani a Sabon Gari domin mayar da su cibiyar dillancin magani ta Dangwauro, sai dai matakan nan sun fi taɓa kasuwa fiye da ɗabi'ar ma'aikacin da yake shan ƙwaya da safe don ya jure aiki, ya sha wata da dare don ya samu runtsawa.

Abin da jama'a suka fi jahilta shi ne yadda ƙwaƙwalwa take mayar da martani. Idan aka yi makonni ana tausar ta da magani, sai ta rage saurarar GABA, ta kuma ƙara ƙarfin sinadaran zuga, domin ta dawo daidai. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, kuma ranar da aka daina kwatsam sai a bar ƙwaƙwalwa da zuga mai yawa ba mai tausar ta: rashin barci ya dawo fiye da na da, ga faɗuwar gaba, karkarwa, gumi, jin ƙara da haske sun yi yawa, wani lokaci gane-gane da jijjiga mai iya halaka mutum. Saboda doguwar jelar dayazefam, alamun kan jinkirta kwanaki kafin su bayyana, shi ya sa sau da yawa ba a danganta su da barin maganin, sai a ce iska ce ko sammu. Wannan yana iya samun matar aure da ta fara sha saboda damuwar gida kamar yadda yake samun ɗan ƙwaya, kuma ba ya nuna raunin imani ko na hali. Iyayen da suka kulle ɗansu a ɗaki ko suka kai shi gidan mari don ya daina a rana ɗaya, da kyakkyawar niyya suka yi, amma sun jefa shi cikin haɗarin da ya fi na shan.

Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce makonni 2 zuwa 4 ana ba da waɗannan magunguna don barci ko fargaba. Ciwon fargaba mai daɗewa ana magance shi ne da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, ko da magungunan da suke aiki a kan sinadarin serotonin, irin su satiralin, waɗanda sai sun yi makonni kafin amfaninsu ya bayyana amma ba sa sa maye. Rashin barci kuma sau da yawa alama ce ta wani abu dabam, kamar ciwon jiki, baƙin ciki mai tsanani, ko shan shayi mai kauri da gadagi da yamma. Wanda ya riga ya saba da ƙwayar kuwa, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau akwai likitocin da aikinsu ke nan, kuma hanyar da ake bi ita ce a mayar da mai shan maganin da yake saurin fita daga jiki kan dayazefam, tunda yana fita daga jiki a hankali, sannan a riƙa rage kimanin kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya ko biyu, aikin da yakan ɗauki watanni ga wanda ya shekara yana sha.