YAWAN ƘWAYAR CUTA DA TSANANIN MURA GA ƘANANAN YARA

'Yan'uwa fatake da dillalai. Da yawanmu iyalinmu na zaune a Nima da Mamobi a nan Ankara, mu kuwa kullum muna bisa hanya tsakanin Paga da kasuwar Tulaku. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke sa mura ɗaya ta shiga gida, wani yaro ya ƙare da majina kawai, ƙaninsa kuwa sai an kwantar da shi a asibiti.

Cikin ƙwayoyin da ke kawo wannan akwai wata bairus da likitoci ke kira RSV, wadda aka gano a 1956. Lissafin masana ya nuna a 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 100,000 a duniya, kusan rabinsu ba su kai wata 6 ba.

Ƙwayar nan in ta shiga hanci sai ta yi ta hayayyafa. Masu bincike na ɗiban majinar yaro su auna yawanta da gwajin PCR, irin wanda cibiyar Noguchi da ke Legon ke yi. Bincike da dama ya nuna jaririn da ƙwayar ta yi yawa a jikinsa, ko ta daɗe ba ta ragu ba, ya fi shiga haɗarin buƙatar iskar oksijin. Amma fa ba kullum ba ne, don akan sami yaro da ƙwaya jingim yana wasansa.

Mu masu dabba ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kaskar da bijimi zai ɗauka yana kiwonsa, ita ce za ta kwantar da ɗan maraƙi. To haka abin yake. Hanyoyin iska a huhun jariri sirara ne ƙwarai, kumburi kaɗan da majina sai su toshe. Bakwaini, da mai ciwon zuciya, da yaron da ke shaƙar hayaƙin gawayi ko na taba, su ne suka fi galabaita.

Tunda ba mu da na'urar awo a gida, sai mu ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri in ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 daga wata 2 zuwa 11, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5. In aka ga haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, a garzaya asibitin Mamobi ko asibitin yara na Princess Marie Louise, kada a jira maigida ya dawo. A bar wa uwargida izini da kuɗin mota tun kafin a kama hanya. Kapso na kemis ba ya kashe bairus.

Mu kuma in mun dawo da tari, mu wanke hannu da sabulu kafin mu ɗauki jariri, mu haƙura da sumbatarsa, a buɗe taga iska ta ratsa ɗaki.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a fatauci. Amin.