Sakamakon Mazambacin Mata a Wasan Turawa da na Hausa

A shekarar 1675 aka fara nuna wasan Thomas Shadwell mai suna The Libertine a dandalin Dorset Garden na birnin Landan. Asalin labarin daga ƙasar Sifen yake, kuma Molière ya riga ya yi nasa da Faransanci a 1665. Tauraron wasan, Don John, fajiri ne wanda ya kashe mahaifinsa, ya yi ta yaudarar mata da auren ƙarya, har ya cinna wa gidan mata masu ibada wuta. Daga baya ya gayyaci gunkin wani gwamna da ya kashe zuwa cin abinci, don izgili. Gunkin ya amsa gayya, ya kira shi zuwa ga tuba, ya ƙi. Sai ƙasa ta haɗiye abokansa biyu, shi kuma ya nutse cikin wuta a gaban 'yan kallo.

Irin wannan hali ba baƙo ba ne a adabin Hausa. A wasan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka buga a Zariya a 1979, Alhaji Ruwan Ido ya yi amfani da dukiya ya hure wa Zaliha, 'yar makaranta, kunne. Sunan littafin daga karin magana aka ɗauko shi: kulɓa ke ɓarna, amma jaba ake zargi. Wato mai laifi ya fake da arzikinsa, abin kunya ya faɗa kan yarinya da iyayenta.

Bambancin wasannin biyu yana wajen hukunci. Shadwell ya kawo azabar Lahira kan dandali, da tsawa da aljannu. Marubucin Hausa kuwa ba ya kwaikwayon al'amarin gaibu, domin wannan fage ne na waƙoƙin wa'azi, tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Yaron da ya tashi a Roni ko Kazaure daga bakin malamai da almajirai yake jin siffar wuta da hisabi. Saboda haka wasan Hausa ya tsaya ga abin da ido ke gani, ya bar wa jama'a tambaya: me ya sa ake jifan wadda aka yaudara, a rusuna wa wanda ya yaudare ta?