KUMBURIN CIKI DA YAWAN ISKA GA KARNUKA

Yau zancenmu na kare ne. Na san wani zai ce, ina ruwan malamin asibiti da cikin kare? To, ku ba ni kunnenku, za ku ji inda cikin kare ya gamu da lafiyar 'ya'yanku.

A ƙasarmu ta Gobir, daga Turba zuwa Isa har Sabon Birni, ba mu rasa masu kiwon kare. Mafarauci yana da nasa, makiyayi yana da nasa, mai gona a fadama kuma yana da na tsaro. Wata rana wani mafarauci ya kawo ɗansa ɗakin shan magani. Da muka gama, sai ya ja ni gefe ya ce, "Malam, gafara dai, karena ya dame mu da tusa, ba a iya zama kusa da shi. 'Yan kwikwiyon kuwa cikinsu kamar tulu." Na tambaye shi abin da ya ke ba su. Ya ce ragowar wake, da madara in an samu, da abin da mahauta suka zubar. Na ce masa ai ya faɗi ciwon da bakinsa.

INDA ISKAR TA KE FITOWA

Hanya biyu ce. Ta fari, kare mai yunwa ba ya tauna, haɗiya ya ke yi, yana haɗiye iska tare da abinci. Ta biyu, abincin da cikinsa bai narkar ba ya kan wuce zuwa babban hanji. A can akwai ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, su ne su kan ruɓar da shi, iska mai wari ta tashi. Kun ga yadda ƙullu ya ke kumbura in ya kwana? Haka abin ya ke.

Wake yana gaba wajen kawo wannan. Madara tana biye, domin kare in ya bar shan nonon uwarsa, cikinsa ba ya iya narkar da madara sosai, sai kumburi da zawo. Haka kuma kitse mai yawa, da abincin da ya lalace, da mushe, da tsince-tsince a juji. Albasa da tafarnuwa kuwa sun wuce batun iska, guba ce gare shi, suna ɓata masa jini. Kada a ba shi miyar da ta sha albasa da barkono.

YADDA ZA A CIYAD DA SHI

Ba sai kun kashe kuɗi da yawa ba. Tuwon dawa ko na gero ko shinkafa, wanda ya dahu sarai, kashi biyu. Nama ko kifi dafaffe, an cire ƙaya, kashi ɗaya. In akwai kabewa a dafa a sa kaɗan, tana daidaita kashi. Ƙanzo ma ya yi, amma a jiƙa shi ya yi laushi.

Babban kare a ba shi sau biyu, safe da yamma. Kada a bar shi da yunwa yini guda sa'an nan a cika masa kasko. Ɗan kwikwiyo ya zauna da uwarsa har mako 8, amma tun yana da mako 3 ko 4 za a fara ba shi abinci mai ruwa-ruwa. Sau huɗu a yini har ya kai wata 3, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu. Kowane kare da kaskonsa, domin in an haɗa su wawaso su ke yi. A shimfiɗa abincin a faifai ko faranti mai faɗi, shi zai sa ya ci sannu. In za ku sāke masa abinci, ku riƙa gauraya sabon da tsohon kaɗan kaɗan har mako guda. Ruwa mai tsabta kada ya yanke masa.

Ku mafarauta, kada ku ƙosad da kare sa'an nan ku fita daji da shi nan take. In ya dawo yana haki, a bari ya huta tukuna.

CIKIN ƊAN KWIKWIYO

Yanzu ga inda na ce zancen ya shafe ku. In kun ga ɗan kwikwiyo da ƙaton ciki, haƙarƙari a waje, gashi ba ƙyalli, galibi ba iska kaɗai ba ce, tsutsar ciki ce. Da yawansu da ita a kan haife su, domin tana shiga jikinsu tun suna cikin uwa, ko ta nono. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa ya nuna, ya kuma daɗe bai mutu ba. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ya haɗiye ke nan. Tsutsar ta kan yi yawo a jikin yaro, ta taɓa hanta ko huhu, wani lokaci ta shiga ido ta ɓata gani.

Saboda haka a nemi maganin tsutsa wurin malamin dabbobi. A fara tun ɗan kwikwiyo yana da mako 2, a maimaita bayan kowane mako 2 har ya kai wata 3, sa'an nan wata wata har wata 6. Babban kare kuwa bayan kowane wata 3. A ba uwar ita ma. A kwashe kashin kare kullum a binne, yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

ƊANYEN KAYAN CIKI

In an yanka rago ko akuya ko raƙumi, wani lokaci a kan ga wata jaka mai ruwa a hanta ko huhu. Mutane su kan yanke ta su jefa wa kare, balle ma ran Babbar Salla. Kada ku yi. Cikin jakar nan akwai 'ya'yan wata tsutsa. Su kan girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita cikin kashi. Mutumin da ya haɗiye ƙwan, irin jakar nan ta kan tsiro a hantarsa ko huhunsa, ta yi shekaru tana girma, har ta kai ga fiɗa. A ƙone ta, ko a binne da zurfi. Sauran kayan ciki a tafasa su rabin sa'a.

Ku masunta na gulbin Rima da Bunsuru, haka nan hanjin kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013. Amma a ƙasar Cadi, daga 2012 aka fara samun kurkunu a jikin karnuka, masana kuwa suna ɗora laifin a kan ɗanyen hanjin kifi da a ke zubar musu. Mu binne namu.

RANAR DA BA A JIRA

In an gyara abinci, iska ta kan ragu cikin mako ɗaya ko biyu. Amma akwai alamun da ba a zama da su. In ciki ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri kamar ganga, kare yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, yawu yana dalala, to, tumbinsa ne mai yiwuwa ya murɗe, ya kan mutu cikin 'yan sa'o'i. Dogayen karnuka masu zurfin ƙirji sun fi kamuwa. Haka ɗan kwikwiyo mai amai da zawon jini. A kai su wurin malamin dabbobi maza. A Sakkwato akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada a ɗura wa kare kanwa ko kananzir, kada kuma a ba shi ƙwayar ciwon kai ta mutane, tana iya kashe shi.

In kun je, ku roƙi a yi masa allurar haukan kare, tun yana da wata 3, a maimaita kowace shekara.

Mafaraucin nan ya bi abin da na gaya masa. Bayan wata guda ya dawo ya ce gida ya zaunu, cikin 'yan kwikwiyo ya saɓe. Wanda ya ji wannan jawabi ya gaya wa maƙwabcinsa mai kare, domin yaranku a ƙofar gida ɗaya su ke wasa.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.