Idan Madubin Tsohuwar Kyamara Ya Maƙale

Mutum zai ɗauko tsohuwar kyamarar fim daga akwati, ya leƙa ya ga duhu, ya ja hannun naɗe fim ya ji ya cije, sai ya ƙara ƙarfi. Wannan ƙarfin ya kashe kyamarori masu yawa, domin haƙoran ƙarfen da ke ciki ƙanana ne, in sun karye kuwa sai an farke wata kyamarar kafin a sami madadinsu.

Aikin cikinta bi da bi yake tafiya. Da an danna maɓalli madubi zai ɗaga, labule na farko ya buɗe wa fim haske, na biyu ya biyo ya rufe. Isar labule na biyu ƙarshen hanyarsa ita ce ke sakin madubi ya sauko. Saboda haka madubin da ya tsaya a sama sau da yawa lafiyarsa lau, labule yake jira.

A fara da batir. Nikon FE ta 1978 da lantarki take ƙidaya lokacin buɗe labule, kuma in batirinta ya mutu madubi kan tsaya a sama. Sai a juya ma'aunin gudu zuwa M90, wurin da ba ya buƙatar wuta, nan take ya sauko. Olympus OM-2 ta 1975 ma haka halinta yake, ita zoben gudu ake kaiwa kan B. Canon AE-1 ta 1976 kuwa ko motsi ba ta yi sai da batirinta mai volt 6. Abin takaici ne a yasar da irin waɗannan a kan abin da minti guda zai warware. Minolta X-700 ce ke da wani ciwo na daban, wata 'yar kafasita ce kan lalace, sai mai aikin lantarki ya sauya ta.

Pentax K1000 batirinta na ma'aunin haske ne kawai, don haka in ta cije a duba wani wurin. A cire gilashin gaba, a kalli siririn soson da madubi ke bugawa a sama. Shekaru da zafi kan narkar da shi ya koma danƙo, ya riƙe bakin madubin. Ana kankare soson a hankali da tsinke da ɗan sifirit, a manna sabo. Kada hannu ya taɓa fuskar madubin, domin a saman gilashin aka shafa ƙyallinsa, gogewa kaɗan ke karce shi.

In soso ba shi da laifi, to tsohon maiko ne ya daskare har labule ya kasa ƙarasawa. Kada a fesa WD-40, yana bin ko'ina har kan labule da gilashi. Wannan aikin mai gyara ne: ya buɗe murfin ƙasa, ya wanke tsohon maikon, ya ɗiga man agogo da bakin allura.