Tukuici a Gidajen Abinci na Musamman cikin Jiragen Ruwa na Yawon Shaƙatawa

Kuɗin tikitin da fasinja yake biya kafin ya hau jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya ƙunshi ɗakin kwana da abincin da ake bayarwa a babban zauren cin abinci da kuma wurin da kowa yake ɗibar abinci da hannunsa, amma a cikin wannan jirgi akwai wasu ƙananan gidajen abinci da ba sa cikin lissafin tikiti, waɗanda kamfanoni suke kira gidajen abinci na musamman. Kowannensu yakan keɓanta da girki iri guda, ko gasasshen nama irin na Amurka, ko girkin Italiya, ko na Faransa, ko na Japan, kuma sai mutum ya kama wuri tun da wuri, ya kuma biya wani kuɗi daban. A jiragen kamfanin Royal Caribbean akwai Chops Grille da Izumi, a na Norwegian akwai Cagney's da Le Bistro, a na Princess akwai Sabatini's da Crown Grill, shi kuwa Disney yana da Palo da Remy. A irin waɗannan wurare ne maganar tukuici, wato ɗan kuɗin da ake ba ma'aikaci saboda hidimarsa ban da farashin abin da aka saya, ta fi rikita fasinjoji, domin sau da yawa an riga an cire shi tun kafin a miƙo wa mutum alƙalami ya sa hannu.

Gidan abincin da ake biya daban a cikin jirgi ba sabon abu ba ne. A shekarar 1905 jirgin Amerika na kamfanin Hamburg America da ke Jamus ya fito da gidan abinci mai sunan Ritz-Carlton, inda attajirai suke zaɓen abin da ransu yake so su biya nan take, a 1912 kuma Titanic yana da irinsa a ƙarƙashin wani ɗan Italiya mai suna Luigi Gatti, wanda shi ne yake ɗaukar ma'aikatansa, ba kamfanin jirgin ba. Haka nan Queen Mary, wanda ya fara zirga-zirga a 1936, yana da Verandah Grill. Abin da ya sauya shi ne yawa, tun daga shekarar 2000 da kamfanin Norwegian ya sassauta tsohon tsarin zama a teburi ɗaya a lokaci ɗaya kowane dare, ya bar fasinja ya ci inda ya ga dama. Wannan sauyi ya taɓa tukuici kai tsaye. A da, fasinja yana da ma'aikacin teburi guda da mataimakinsa tun daga daren farko har na ƙarshe, saboda haka a daren bankwana yakan saka kuɗi a ambulan ya miƙa wa kowannensu, ya kuma ba mai gyaran ɗaki nasa. Da fasinjoji suka fara yawo daga wannan gidan abinci zuwa wancan, sai ambulan ta rasa hannun da za a danƙa wa, kamfanoni kuma suka koma cire kuɗin da kansu daga asusun fasinja.

Ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin waɗannan jirage. Ana ba kowa kati, wanda shi ne mabuɗin ɗaki kuma shi ne jakar kuɗi, duk abin da aka saya yana hawa kan asusun da aka ɗaure da katin banki. A kan wannan asusu ne ake ɗora kuɗin hidima na kullum, wanda ake lissafawa a kan kowane mutum a kowace rana, a raba wa masu gyaran ɗaki da ma'aikatan zauren cin abinci da wasu da fasinja ba ya ganinsu. Norwegian ya mayar da nasa dala 20 ga ɗakunan talakawan fasinjoji da dala 25 ga manyan ɗakuna tun farkon 2023, Royal Caribbean kuma ya kai nasa dala 18.50 da dala 21 a ƙarshen 2024, ke nan miji da mata da suka yi kwana 7 a ƙaramin ɗaki na Royal Caribbean za su biya dala 259 ko da ba su leƙa wani gidan abinci na musamman ba. Farashin yana hawa lokaci zuwa lokaci, don haka abin dogaro shi ne sharuɗɗan da ke jikin tikitin tafiyar.

Kuɗin hidima na gidan abinci na musamman daban yake da wannan, kuma ana yanke shi ne bisa kaso na farashin abincin, kashi 18 cikin 100 a Royal Caribbean, kashi 20 a Norwegian, sauran manyan kamfanonin da suke tasowa daga Amurka kuma galibi suna tsakanin nan. Farashin kansa iri biyu ne: akwai kuɗin zama, wanda ake biya a kan kowane kai ko mutum ya ci da yawa ko kaɗan, akwai kuma inda kowane kwano yake da farashinsa. Ko wanne ne, idan an gama cin abinci ma'aikaci yakan kawo rasit a cikin 'yar jakar fata, a sama ga farashi, ƙarƙashinsa ga kuɗin hidimar da aka riga aka ƙara da ƙananan haruffa, can ƙasa kuma ga wani layi da aka bari fili domin ƙarin tukuici. Wannan layi na uku shi ne yake cin kuɗin mutane, musamman wanda ya saba da gidajen abinci na Amurka, inda barin wurin ba komai ake ɗauka rowa ce. A ɗauka kuɗin zama dala 60 ne a kan mutum, mutum biyu sun ci na dala 120, an ƙara kashi 18 wato dala 21.60, jimla ta zama dala 141.60. Idan maigida bai duba ba ya sake lissafa kashi 20 a kan wannan jimla ya rubuta, ya ƙara dala 28.32, tukuicin da ya bayar gaba ɗaya ya kusa dala 50, fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin abincin. Babu laifi ga wanda ya yi haka da saninsa, hannunsa ne da aljihunsa, amma wanda ya yi cikin rashin sani ba kyauta ya yi ba, kuskuren karatu ya yi. Kamfanonin da suke buga rasit ta yadda kuɗin da aka riga aka cira yake ɓuya, layin da ba komai kuma yake fitowa fili, sun san abin da suke yi.

Saboda haka ladabin wannan wuri yana farawa ne da karanta rasit a natse, kuma babu kunya a tambayi ma'aikaci ko an riga an haɗa da kuɗin hidima, domin tambaya ce da yake ji kowane dare. Idan an haɗa, fasinja ya sauke abin da yake kansa, yana iya jan layi a wurin ƙari ya sa hannu ya yi godiya ya tashi. Ƙari yana da muhallinsa inda hidima ta wuce ta yau da kullum. Musulmin da ya bayyana cewa ba ya cin naman alade, ba ya kuma son miyar da aka dafa da giya, ma'aikaci ya yi ta kai da kawo tsakanin teburi da kicin yana tabbatar da abin da aka zuba a kowane kwano, ya jawo wa wannan ma'aikaci aikin da ba ya cikin lissafin kowa, haka ma iyayen da suka zo da yara uku masu ƙiriniya, ko mai ciwon da wani abinci yake tayar masa, ko masu bikin cikar shekarun aure da aka yi wa ado a teburi. A irin wannan hali dala 5 zuwa 10 a kan mutum abu ne da aka saba gani, kuma ba wanda zai ce an gaza.

Akwai wuraren da hidimar ta mutum ɗaya ce a gaban ido. A gidan abincin Japan da ake kira teppanyaki, fasinjoji takwas ko goma sukan zagaye faffadan kaskon ƙarfe, kuku yana tsaye a tsakiya yana soya shinkafa da nama da jatan lande, yana wasa da wuƙaƙe, yana cilla ƙwai sama yana cafewa da bakin cokali, har ya tara yankakkiyar albasa kamar tsauni ya cinna mata wuta. Aikinsa rabi girki ne rabi wasa, kuma mutane da yawa sukan miƙa masa wani abu a hannu idan ya gama. Haka abin yake a zaman da ake kira teburin babban kuku, inda mutum goma sha wani abu suke cin abinci kala-kala a jere, kuku yana fitowa yana bayanin kowanne. Tsabar kuɗi ta fi dacewa a nan, dala a jiragen da suke yawo a tekun Karibiyan, yuro a jiragen kamfanonin Turai da suke Bahar Rum, a naɗe a miƙa ba tare da an ɗaga hannu kowa ya gani ba. Dalilin fifita tsaba shi ne abin da aka rubuta a rasit yana bi ta hannun kamfani, kuma yadda ake raba shi ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Ba shugaban zaure kuɗi tun kafin a zauna domin ya ba da teburin bakin taga kuwa ya fita daga babin tukuici, ya fi kama da sayen alfarma, kuma kama wuri da wuri ya isa ya biya wannan buƙata.

Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne abincin da aka ce kyauta ne. Kamfanoni sukan jawo masu saye da alkawarin dare biyu ko uku a gidan abinci na musamman ba tare da biya ba, ko su sayar da dunƙulallen tikiti na dare da yawa a farashi mai rangwame. A tikitin dunƙule ana ƙara kuɗin hidima ne tun lokacin saye, don haka rasit ɗin da za a kawo a teburi yakan nuna sifili, abin da yake sa wasu su zaci ma'aikacin bai sami komai ba. A abincin kyauta kuma wasu kamfanoni, ciki har da Norwegian, sun saba cajin fasinja kuɗin hidimar tun wajen yankan tikiti, ko da abincin kansa ba a biya ba. Inda ba a cire komai ba, kamar idan wakilin tafiye-tafiye ne ya ba da kyautar ba tare da ya haɗa da tukuici ba, abin da ya dace shi ne a lissafa kason a kan ainihin farashin abincin, tun da rangwamen da fasinja ya samu bai rage wa ma'aikaci ko taku ɗaya ba.

Duk wannan tsari ɗabi'ar Amurka ce ta hau ruwa, ƙasar da dokar tarayya ta yarda a biya mai aikin da ake ba tukuici dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991. Inda al'adar fasinjoji ta bambanta, kamfanoni sun bi su. P&O Cruises na Ingila ya soke kuɗin hidima na kullum a 2019, kamfanonin Jamus irin su AIDA da TUI suna saka shi cikin tikiti, jirage da dama da suke tasowa daga Ostireliya ba sa ɗora shi a asusu, kamfanonin alfarma kamar Seabourn da Silversea da Regent kuma sun haɗa shi cikin farashinsu mai tsada. A irin waɗannan jirage wanda bai ƙara komai ba bai saɓa wa kowa ba.

Fasinjoji da yawa suna jin haushin tsarin, kuma suna da hujja, domin kamfani ya raba albashin ma'aikatansa gida biyu ne ya ɗora rabi a kan mai saye, don tikiti ya yi kama da mai araha a talla. Wasu kan je ofishin kula da fasinjoji su ce a cire kuɗin hidima na kullum, abin da kamfanoni da dama suke yarda da shi, ko da yake kason gidan abinci na musamman galibi ba ya ciruwa. Sai dai wanda wannan fushi yake faɗa wa ba mai kamfani ba ne. Yawancin ma'aikatan 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna kwantiragin wata shida zuwa tara ba tare da ranar hutu cikakkiya ba, a jiragen da suke ɗauke da tutar Bahamas ko Panama ko Malta, inda dokar albashin Amurka ba ta iske su. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta tanadar musu hutun awa 10 a cikin kowace awa 24 da awa 77 a mako, wanda yake nuna tsawon aikin da doka ta halatta. Idan an sami matsala a teburi, abinci ya zo da sanyi ko an yi jinkiri, hanyar da ta fi amfani ita ce a gaya wa shugaban gidan abincin nan take, domin yana da ikon sauya kwano ko rage farashi.

Ban da kuɗi, ma'aikata suna ba da muhimmanci ga takardar jin ra'ayi da kamfani yake aiko wa fasinja bayan tafiya, saboda ambaton sunan ma'aikaci da yabo yana shiga cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, kuma sunan kowa da ƙasarsa suna rubuce a ƙirjinsa. Asusun kansa ana iya duba shi kowace rana a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar kamfani a waya, kuma gyaran kuskure ya fi sauƙi tun ana cikin jirgi, musamman kafin daren ƙarshe, lokacin da layin masu ƙorafi yake tsawo a gaban ofishin kula da fasinjoji.