Jigon Jirgin Ruwa da Dandamalin da ke Kansa

Jigon jirgi shi ne doguwar sandar nan, ta itace ko ta ƙarfe, da ake kafawa tsaye a tsakiyar jirgin ruwa. Matuƙa masu magana da Ingilishi suna kiransa mast. Aikinsa na asali shi ne ɗaukar filafilai, wato manyan yadudduka da iska ke bugawa ta tura jirgi. Manyan jiragen ƙarni na 18 galibi jigo uku gare su: na gaba, babba na tsakiya, da na baya. Ba kuma itace ɗaya ba ne. Gaɓa-gaɓa ake haɗa shi, biyu ko uku, a ɗaure da igiyoyi masu kauri zuwa gefunan jirgin.

Inda gaɓar ƙasa ta haɗu da ta sama akwai wani dandamali na katako. Dalilin yinsa na farko shi ne ya buɗa igiyoyin da ke riƙe gaɓar sama don kada iska ta karya ta. Amma da yake wurin yana da tsayi, sai jiragen yaƙi suka mayar da shi mazaunin maharba, aka sa masa suna fighting top, wato dandamalin faɗa. Wanda ke can yana ganin duk abin da ke kan jirgin abokan gaba, babu mai ɓuya masa. Daga irin wannan dandamali na jirgin Faransa mai suna Redoutable aka harbi Admiral Nelson na Ingila a yaƙin Trafalgar a 1805, ya rasu a ranar. Gidan tarihin sojan ruwan Amurka da ke Washington Navy Yard, sansanin da aka kafa tun 1799, ya daɗe yana baje kolin irin wannan dandamali na jirgin Constitution, wanda aka saka a ruwa a 1797.

Da injin tururi ya kori filafilai, jigo bai bi su ba. Jirgi yana buƙatar wuri mai tsayi don hange, da rataya tutocin saƙo, da fitilu. Shaida mafi bayyana a yankin Washington tana maƙabartar sojoji ta Arlington, a hayin Kogin Potomac. A can babban jigon jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine yake tsaye, na ƙarfe, da dandamalinsa. Jirgin ya fashe ya nutse a tashar Havana ta ƙasar Kuba ranar 15 ga Fabrairu 1898, sama da mutum 250 suka mutu. Binciken da aka yi a shekarar ya ɗora laifin kan nakiya daga waje, kuma cikin Afrilu Amurka ta shiga yaƙi da Sifen, wadda ke mulkin Kuba a lokacin. A 1976 wani nazari da Admiral Hyman Rickover ya jagoranta ya karkata ga cewa gobara ce a rumbun kwal ta kai ga ma'ajin albarushi.

Bayan nutsewar, jigon ya shafe shekaru yana leƙowa daga ruwa, shi ne alamar inda gawawwakin suke. An tsamo jirgin tsakanin 1911 da 1912, aka cire jigon, aka ja gangar jirgin zuwa tsakiyar teku aka sake nutsar da ita. Shugaba Woodrow Wilson ya ƙaddamar da wurin tunawar a 1915. An zana sunayen mamatan a jikin ginin da ke ƙarƙashin jigon, da yawansu kuma an binne su a kusa da shi. Zaɓin ya dace, domin jigo ne sashen da ake fara hangowa idan jirgi ya doso, shi ake gani na ƙarshe idan ya nutse. Jigon gaba na jirgin yana makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a jihar Maryland, nesa da babban jigon, shi ya sa matuƙa kan yi raha su ce Maine ya fi kowane jirgi tsawo.

Kalmar jigo ta shiga maganar yau da kullum ta sojan ruwa. A da, ƙananan matuƙa a gaban jigo suke kwana, hafsoshi a baya, don haka idan an ce mutum ya yi aiki a gaban jigo ana nufin ƙaramin ma'aikaci ne. A gindin babban jigo kyaftin ke sauraron ƙara ya hukunta masu laifi, kuma har yau sojan ruwan Amurka suna kiran zaman ladabtarwa da kwamanda ke yi ba tare da kotu ba da sunan jigon kyaftin, ko da a cikin ofis aka yi shi. Sassauto tuta zuwa rabin jigo kuwa alamar makoki ce.

Jigon jiragen zamani na ƙarfe ne, wani lokaci a rufe kamar hasumiya. Yana ɗauke da na'urar rada, da eriyar sadarwa, da fitilun da dokar teku ta wajabta a kunna da dare don sauran jirage su gane inda jirgi ya dosa.